Sharhi: Yaro da Tsoron Dare

 Gaisuwa ga mutanen Bagalam da Mokoyo da Maradawa da Ɗan Gulbi, da na Zariya da Ali Ɗan Sofo, duk a nan cikin Maradi. Gaisuwa ga Gobirawan Tibiri da masu lambun Jiratawa, da duk inda muryar nan take kaiwa. Sharhinmu na yau ya shafi wani abu da ke faruwa a kusan kowane gida bayan sallar lisha, amma da wuya ka ji manya sun zauna sun tattauna shi. Ina nufin yaron da ke ƙin kwanciya saboda tsoro, da abin da mu iyaye muke yi masa a wannan lokaci.

Hausawa sun ce dare mahutar bawa. Su ne dai kuma suka ce dare rigar mugu. Babba ya san duka biyun gaskiya ne, kuma ya san yadda zai zauna da su: ya sa sakata, ya yi addu'a, ya ja mayafi, sai minshari. Yaro ɗan shekara uku ko biyar bai kai nan ba. A waɗannan shekaru tunaninsa ya isa ya ƙirƙiro abin da babu shi, amma hankalinsa bai yi ƙwarin da zai rarrabe masa abin da ya ƙirƙiro da abin da ke nan a zahiri ba. Rigar Baba da ke rataye jikin ƙusa sai ta zama mutum tsaye. Motsin akuya a bayan danga sai ya zama takun wani. In ya ce ya gani, ba ƙarya yake yi ba. Gabansa na faɗuwa da gaske, tafin hannunsa na zufa da gaske.

Kuma sau da yawa ba zai fito ya ce yana jin tsoro ba. Cewa zai yi, "Inna, ƙishirwa." A ba shi ruwa. "Inna, fitsari." A kai shi. "Inna, cikina." Ya riƙe bakin zanenki gam, ki janye, ya sake kamawa. Uwa ta wuni tsaye tun asuba, ga daka, ga wanki, ga girki, sai ta ce sangarta ce, ta kai masa rankwashi. Shi kuwa roƙonsa ɗaya ne tun farko: kada ki tafi.

A shekarar 2001 wasu masana halayyar yara na jami'ar Maastricht ta ƙasar Holand, a ƙarƙashin Peter Muris, sun buga sakamakon wani bincike. Sun tambayi yara ƴan shekara 4 zuwa 12 ko suna jin tsoro da dare. Sama da kashi 70 cikin ɗari suka ce suna ji. Da aka juya ga iyayensu, kimanin kashi 34 cikin ɗari ne kawai suka ce ƴaƴansu na da wannan tsoro. Wato yara da yawa suna kwana da fargaba, iyayensu suna gida ɗaya da su, ba su sani ba. Da aka tambayi yaran daga ina tsoron ya samo asali, mafi yawansu sun danganta shi da abin da suka ji an faɗa ko suka gani a talabijin.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin a nan hannunmu yake dumu-dumu. Mu ne muke shuka tsoron da rana, mu dawo da dare muna dukan yaro don ya tsiro. Yaro ya ƙi cin tuwo, a ce ga Dodo nan. Ya nufi ƙofar gida, a ce kura na zaure. Ya yi kuka, a ce yi shiru ko in kira mahaukacin kasuwa ya sa ka a buhu, ko in kai ka likita a tsira maka allura. Yanzu har an samu sabon salo wanda ya fi sauran muni, a ce wa ɗan shekara huɗu in bai yi shiru ba ƴan bindiga za su ji shi su zo. Na san abin da ya sa ake yi. Dabarar tana ci nan take, yaro ya yi tsit, uwa ta samu ta ƙarasa aikinta. Amma yaro ba ya barin maganar a inda aka faɗe ta, har shimfiɗa yake kai ta. Da rana akwai haske, akwai abokan wasa, ba ya samun sararin tuna ta. Da an kashe fitila sai ta dawo masa sabuwa. Kuma wadda ta gaya masa akwai Dodo ita ce wadda ya fi yarda da ita a duniya. Uwar da ta rantse da la'asar cewa Dodo na bayan ɗaki, ta yaya za ta ce da lisha babu komai, yaro ya gaskata ta?

Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai suna tafiya tare da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, sai ɗayansu ya yi barci, wani ya lallaɓa ya ɗauke igiyar da ke tare da shi, mutumin ya firgita. Annabi ya hana wannan, ya bayyana cewa bai halatta Musulmi ya tsorata ɗan'uwansa Musulmi ba. Wancan babban mutum ne, matafiyi. Ban ga ta inda ɗan yaye ya fita daga wannan kariya ba, kuma ina fatan malamanmu masu wa'azi za su riƙa taɓo hadisin nan in suna maganar tarbiyya. Barazanar allura kuwa illarta ta wuce ta dare. Daga Yuli zuwa Oktoba ma'aikatan lafiya suna bin gida-gida da maganin rigakafin masassarar cizon sauro na yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5. Yaron da aka saba razana shi da likita, ganin su a bakin ƙofa kawai ya isa ya sa shi gudu ya ɓuya, a yi ta kokawa kafin ya haɗiye maganin da zai tsare masa rai.

To mene ne maganin? Bari in ba ku labarin wani gwaji da ya bayyana abin fiye da dogon bayani. A shekarar 1985 wasu masana a Amurka, James Sorce da Robert Emde da Joseph Campos da Mary Klinnert, sun ba da rahoton abin da suka gani da suka ɗora jarirai ƴan shekara ɗaya a kan wani tebur mai gilashi. An shirya teburin yadda in jariri ya rarrafo tsakiya zai ga kamar akwai ɗan rami a gabansa, alhali gilashi mai ƙarfi ya rufe wurin. Uwar tana tsaye a ɗaya gefen, ga abin wasa kusa da ita. In jariri ya iso bakin ramin sai ya dakata, ya ɗaga kai ya dubi uwarsa. Inda uwa ta saki fuska ta yi murmushi, mafi yawan jariran sun haye. Inda ta nuna fuskar tsoro, ko ɗaya bai haye ba. Ramin bai canza ba, gilashin bai canza ba. Fuskar uwa ce ta yanke hukunci.

Yaro ƙarami da fuskar babba yake auna haɗari, da muryarsa, da yadda hannunsa ya taɓa shi. Saboda haka in ya farka yana ihu, kika zabura kina salati da ƙarfi kina jijjiga shi, kin tabbatar masa lalle akwai abin tsoro a ɗakin. In kika daka masa tsawa, tsoron ya zama biyu, na duhu da naki. Abin da yake bukata ba a sayen shi a kasuwa. Ki zauna kusa da shi, ki sassauta murya ƙasa da yadda kika saba, ki ɗora hannu a bayansa kina ɗan bubbugawa. Ki tambaye shi me ya gani, ki bar shi ya faɗa har ya gama, ba dariya, ba "kai, ƙarya kake". Sannan ki ɗauki tocila ku duba tare. Ga rigar Baba, taɓa ka ji. Ga akuyar, ita ce ke motsi. Kada ki ɗauki tsintsiya ki ce bari in kori Dodon, domin kin yarda ke nan yana nan, kuma wanda aka kora yau yana iya dawowa gobe. Maganar da za ki faɗa gajera ce: na ji ka tsorata, ina nan, ƙofa a rufe take.

In kuma za ki tashi ki ƙarasa wanke-wanke, ki gaya masa. Ki ce za ki dawo ki duba shi, kuma ki dawo tun kafin ya kira ki. Wannan cika alkawari ya fi komai aiki. Yau ki dawo bayan ɗan lokaci kaɗan, gobe ki ƙara tazara, jibi ki ƙara, har wata rana ki dawo ki tarar ya yi nisa. Sulalewa a ɓoye da zarar ya lumshe ido ita ce ke koya masa cewa rufe ido haɗari ne, domin in ya rufe sai ya rasa ki. Shi ya sa za ki ga yaro barci ya cika masa ido, kansa na rangaji, yana yaƙi da shi.

Ina sane da cewa faɗin wannan a rediyo ya fi aikata shi sauƙi. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa kimanin 7.6 a matsakaici, jihar Maradi kuwa ta haura 8. Mace mai goyo a baya, ciki a gaba, ga uku a kan tabarma, ga tashin asuba in mai kai zogale kasuwa ce daga Jiratawa, ba za a ɗora mata nauyin natsuwa ita kaɗai ba. Haƙuri yana ƙarewa kamar yadda ƙarfi ke ƙarewa. Ranar da kika ji ranki ya ɓaci har hannunki na ƙaiƙayi, ki miƙa shi ga wani, abokiyar zamanki ce, ko yayarsa, ko ubansa, ki fita tsakar gida ki sha iska. Wannan ya fi ki zauna kusa da shi kina huci.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu gane game da shawarwarin da ake karantawa a intanet. Mafi yawansu an rubuta su ne don gidajen Turai da Amurka, inda ake ware wa jariri ɗakinsa shi kaɗai tun yana ƴan watanni. Mu ba wannan ce damuwarmu ba. Ɗanmu a bayan uwarsa yake barcin rana, a gefenta yake barcin dare, yana jin numfashinta. Wannan alheri ne, kada wani ya raina mana shi. Inda muke ji masa ciwo shi ne ranar da za a raba shi da wannan jiki, domin a rana ɗaya muke yi. Jiya yana kwance a ƙirjin uwarsa. Yau an shafa wa nono abu mai ɗaci, an ɗauke shi an kai shi gidan kaka a Tibiri ko wani ƙauye. Ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa ɗakin da ya sani, duka a dare guda. In ya dawo kuma, ba da daɗewa ba ya tarar da jariri a gurbinsa, a tura shi tabarmar yayyensa. Sai ka ji ana cewa tun da aka yaye shi ya koyi rigimar dare. Yaron nan ya ga abin da ya fi ƙauna ya ɓace ba sallama, yana gadi ne kada a sake yi masa.

Ba na cewa a bar yaye, ba na kuma cewa a daina kai jika wurin kaka. Cewa nake a yi shi daki-daki. A fara rage na rana kafin na dare. In da hali, kakar ta zo ta yi ƴan kwanaki a gidan, ya saba kwana a gefenta uwarsa na kusa, kafin ta tafi da shi. In zai tafi, a haɗa masa da zanen uwarsa wanda ba a wanke ba, ya riƙa lulluɓa da shi. In kuma haihuwa na tafe, a sauya masa wurin kwana tun da sauran watanni, a shimfiɗa masa kusa da gadon inda hannun uwa zai kai gare shi, don kada ya haɗa zuwan ƙanensa da korarsa.

Ana cewa tsoro na daji, kunya ta gida. A wajen ɗan fari kuwa duka biyun a gida suke samun sa. Al'adarmu ta hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ta hana ta rarrashinsa a gaban mutane. Wannan al'ada ba ta cutar da yara a da ba, domin akwai mai ɗaukar nauyin. A babban gida na tsohon gari, da yaro ya yi motsi kaka za ta ce, "Zo nan maigidana, wa ya taɓa mini kai?" Ko gwaggo ta ɗauke shi, ko matar baffa. To yanzu dubi ma'aurata matasa da ke haya a Zariya ko Ali Ɗan Sofo, su biyu sai ɗansu, kaka na can ƙauye. In aka taho da kunyar aka baro kakar, wa ya rage wa yaron nan da tsakar dare? Ra'ayina shi ne kunya ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki. In an sauke labule, ɗan fari ɗa ne kamar kowa, a rungume shi.

Zuciyata takan tafi kuma ga waɗanda ba su da ko zanen da za su kama. Ƙananan almajirai, ƴan shekara shida da bakwai, da ke kwana a zaure da rumfunan kasuwa, nesa da iyayensu mata. In ɗayansu ya farka a firgice, wa yake kira? In tsoron fita waje ya sa shi fitsarin kwance, da safe bulala ce da tsokana. Alaramma, matar malam, da ke uwar ɗakin da yake yi wa aike, ku sani mafi ƙanƙanta a cikinsu yana bukatar a kwantar da shi kusa da babba mai tausayi. Uban da zai tura ɗa karatu kuma ya dubi shekarunsa tukuna. Fitsarin kwance kuwa, a gida ne ko a makarantar allo, duka da tara masa yara suna yi masa waƙa ba su taɓa tsayar da shi ba, sai dai su ƙara wa yaro fargabar kwanciya.

Masana barcin yara sun haɗu a kan cewa abin da ya fi kwantar da hankalin yaro shi ne ya san abin da ke biye da wani, kowane dare iri ɗaya. Mu ba sai mun aro wannan ba. Da magariba a shigo da yara gida, kamar yadda hadisin Jabir ya zo da shi a Buhari da Muslim. A ci tuwo. A yi lisha. A kai yaro ya yi fitsari, a kakkaɓe shimfiɗa, a sauke sange a soke gefensa. Sannan a karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, a tofa a tafin hannu a shafe jiki sau uku, yadda Nana A'isha ta ba da labarin Annabi yana yi kowane dare. Ku lura da abin da ke cikin wannan: ga murya a hankali, ga hannun mahaifi yana bin kan yaro da ƙirjinsa, ga abu guda da ake maimaitawa kullum a lokaci guda. Sai dai a kiyaye yadda ake gabatar masa da addu'ar. In aka ce, "Karanta, ko aljani ya shige ka," an mai da addu'ar kanta abin tsoro. A ce masa, "Zo mu yi addu'a, Allah na tsaron mu."

Tatsuniya ma tana cikin tsarin nan, kuma ina takaicin yadda take ɓacewa. Wani zai ce ai a tatsuniyar ma akwai Dodo. Akwai shi, amma da bambanci. Yaro yana jin ta ne a kan cinyar kaka, tana da farko tana da ƙarshe, mai rauni yakan kuɓuta da dabara, a ce ƙurunƙus, kowa ya san an rufe. Yaro ya ɗanɗani tsoro kaɗan a wurin da babu abin da zai same shi, ya ga ya wuce. Duk da haka, yaron da tsoro ya riga ya kama, a zaɓar masa ta Gizo da Ƙoƙi, ta dariya, a ajiye ta Dodo sai ya warware.

Abin da ya maye gurbin tatsuniya a gidaje da yawa shi ne salula. A miƙa wa yaro don ya yi shiru, ko ya leƙa ta kafaɗar yayansa yana kallon fim ɗin matsafa, ko hotunan harin da aka turo ta WhatsApp, gawarwaki a kwance. Babba ya kalla ya yi salati ya wuce, yaro ya kwana da su. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2019 ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, sannan kallon allon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya a rana ga ƴan shekara 2 zuwa 4. Yaron da aka bari har ƙarfe sha ɗaya, aka kuma ɗanɗana masa shayin manya da yamma, gajiya ta wuce masa misali, kuma yaro mai irin wannan gajiya ya fi saurin firgita. Batun haske kuwa, mun gani da idonmu lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, har zuwa Maris na 2024. Yaran birni da suka saba kwana da ƙwan lantarki a kunne suka faɗa cikin duhun da ba su sani ba. Ƴar ƙaramar fitila mai cajin rana, a ajiye ta a lungu ba ta haska ido ba, ba ragwanci ba ce. Da kansa zai ce a kashe in lokaci ya yi.

Yanzu bari in zo ga mafi nauyi. Akwai yaran da abin tsoronsu ba rigar Baba ba ce. Tun 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji, suna gudun ƴan bindiga, har aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ƙauyukanmu na bakin iyaka, a Madarunfa da Gidan Rumji, su ma sun ga satar shanu da satar mutane, kuma da dare ake zuwa. Wasu iyalan sun dawo cikin Maradi da Tibiri wurin dangi. Wannan ƙasa ta san irin wannan baƙunci, domin Katsinawan da yaƙi ya taso ne suka kafa sarautar Maradi a farkon ƙarni na 19, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke. Yaron da ya taɓa jin harbi da tsakar dare, aka saɓa shi a kafaɗa aka shiga gona da shi, in ya ji ƙarar babur bayan lisha jikinsa zai ɗauki rawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Irin wannan yaro ba a ce masa babu komai, domin ya san akwai. Ƙarya za ta raba shi da amincewar da ta rage masa. A gaya masa gaskiyar da zai iya ɗauka: abin nan ya faru, mun tsorata dukanmu, yanzu muna gidan Kawu, ƙofa a kulle, tsaron gida aikin manya ne, kai naka barci. In yana so ya maimaita labarin sau goma, a saurare shi sau goma, amma da rana ya fi. In ya koma tsotsar yatsa ko fitsarin kwance bayan ya daina, a sani ciwon ne ke magana. Mu manya kuma mu daina hirar kuɗin fansa da wanda aka harbe a gaban yara, muna zaton wasa suke yi ba sa ji. Suna ji sarai. In makonni suka wuce yaro bai ci, bai wasa, bai barci, a kai shi ga ma'aikatan lafiya a faɗa musu abin da ya gani, kada a tsaya ga cewa zai manta.

Sannan ba kowane kukan dare ne tsoro ba. Akwai wata firgita da ke zuwa a farkon dare, bayan awa ɗaya zuwa uku da kwanciya. Yaro ya tashi zaune yana ihu, ido buɗe, zufa na karyo masa, ki kira shi bai san ki ba, bayan ƴan mintoci ya koma ya kwanta, da safe bai tuna komai ba. Wannan daga barci mai nauyi take tasowa, sananniya ce ga likitocin yara, kuma yawanci tana wucewa da girma. Ba a tashin sa da ƙarfi, a dai tsare shi kada ya buge, a jira. Mugun mafarki dabam ne, shi yakan zo ne can gefen asuba, yaro ya farka sarai, ya gane ki, ya ba ki labari, kuma shi ne mai bukatar rarrashi. A gidajenmu da an ga irin ta farko sai a ce iska ce ko maita. Addu'a ba ta da laifi ko yaushe. Amma turnuƙe yaro da hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko nuna yatsa ga wata tsohuwa maƙwabciya, zalunci ne a kan mutum biyu. Kafin komai a taɓa jikinsa. In da zafi, musamman da damina, ko ya sanƙame, ko yana fizge-fizge, wannan ba na jiran safiya ba ne, a nufi gidan likita mafi kusa a daren. In yana yawan susar duburarsa da dare, a nemi maganin tsutsa. Wani kuma yunwa ce kawai ke tashin sa.

Ina roƙon ku da babbar murya, kada a sayi maganin mura ko na ƙaiƙayi wurin mai tebur a ɗura wa yaro don ya yi barci. A shekarar 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan wasu magungunan ruwa na tari da mura guda huɗu da aka samu da guba a ciki. Ko mai kyau ne, maganin da ke sa maye ba ya cire tsoro, danne yaro kawai yake, kuma yana iya taɓa numfashin ƙarami.

Kalmata ta ƙarshe gare ku ce, iyaye maza. Duk abin da na faɗa yau kusan da mata na yi ta magana, domin su muka bar wa aikin. Da yawanmu daga masallaci sai fada, ana shayi ana hira har yara su yi barci, ba su ga fuskarmu ba. Alhali a wajen yaro, jin muryar ubansa a tsakar gida, da jin shi ne ya sa sakata da hannunsa, yana kwantar masa da hankali ƙwarai. Maigida, yau in an sallame lisha ka biyo ta gida tukuna. Ka zauna bakin tabarma, ka tambayi ƙaramin abin da ya gani yau, ka tofa masa addu'a da bakinka, ka ce masa kana nan. Fada ba za ta watse ba kafin ka dawo. In kuma ka ji wani a gidanka yana kira wa yaro Dodo ko ƴan bindiga, ka hana, ko da mahaifiyarka ce, ka roƙe ta cikin ladabi ta bari.